Masai Ya Cika, Sai Ina? Martani Ga Mai Son A Haramta Takin Bahaya

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya, wadda a cikinta ya nemi gwamnatin Jihar Katsina ta haramta zuba abin da aka kwaso daga masai a gona, ta kuma hukunta duk manomin da aka kama yana yi. Abin da ya harzuƙa shi, in ji shi, labari ne da ya ji cewa a yankinmu na Funtuwa, Bakori da Malumfashi tsadar takin zamani ta kai wasu manoma ga tare masu tankar kwasar sokawe, su ba su ɗan na goro don su juye musu a gona. A ganinsa wannan hanya ce ta yaɗa kwalara da taifot da tsutsar ciki. Ya ƙara da cewa najasa ce, kuma Musulmi ba ya ciyar da iyalinsa da abin da ya tsiro a kan najasa. Ya zargi ƙungiyoyin Turawa da tallata mana ƙazanta da sunan kare muhalli, alhali su a ƙasashensu ba za su yarda a yi musu ba, sun dai ga talaka ba shi da bakin magana ne. Ya rufe da cewa aikin hukuma shi ne ta sauko da farashin taki, ta gina wa jama'a banɗaki na zamani mai ruwa. Ina fata ban tauye masa magana ba.

Akwai inda Malam marubucin ya yi gaskiya, kuma gara a faɗa tun da wuri. Ɗanyen bahaya yana kisa. Wanda ya juye tanka a lambun latas ko kabeji yau, ya yanka ya kai kasuwa bayan mako biyu, ya cuci bayin Allah, kuma ko ni ne alƙali ba zan sallame shi ba. Sai dai tsakanin cewa ɗanye na da haɗari da cewa a haramta shi ɗungurungum akwai tafiya mai nisa, Malam kuwa da tsalle ɗaya ya haye ta.

Tambayar da na bi maƙalar daga farko har ƙarshe ina nema ban samu ba ita ce: masai ya cika, sai ina? Shekara da shekaru ana yi mana gangamin a daina bahaya a fili. Ƙaramar Hukumar Bakori, wadda ƙauyen Tsiga ke cikinta, tana cikin na farko a jihar nan da UNICEF da hukumar ruwa da tsaftar karkara ta RUWASSA suka yi wannan aiki a cikinsu a ƙarƙashin shirin SHAWN, gida-gida aka bi ana cewa kowa ya haƙa masai. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili a faɗin ƙasar zuwa 2025. Madalla. Mutane sun ji, sun haƙa. To amma duk ramin da aka haƙa, ranar cikarsa na nan tafe. A Tsiga, gidan da ke da fili sai ya rufe tsohon ya haƙa sabo a gefe. A cikin Funtuwa fa, a unguwanni irin su Jabiri da Tudun Wada, inda za ka tarar da iyalai da dama a gidan haya ɗaya suna layi a kan masai guda, ina filin yake? Dole a kwashe.

Da alama Malam bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake kwasar ba. Mai hali tanka yake kira. Mara hali, wato mafi yawanmu, sai ya nemo mutanen nan da Kanawa ke ce wa gidan-kowa-da-akwai. Sai bayan isha suke zuwa, don kada maƙwabta su yi ƙorafi. A fasa daɓen bakin masai, a tuttula kananzir don a karya warin, a ɗaura bokiti a igiya. In abin ya yi ƙasa ko ya daskare, ɗayansu ya tuɓe ya faɗa da shebur, ba safar hannu, ba takalmin roba, tocila ɗaure a goshi. Abin da ke fitowa kuma ba bahaya kaɗai ba ne: ga leda, ga tsumma, ga famfas ɗin yara, ga mataccen batir. A cika durom-durom a kan kura. Kafin kiran assalatu an wanke tsakar gida, maigida ya biya, ya yi alwala ya tafi masallaci da tsarkinsa. A wajensa magana ta ƙare. Kurar kuwa ba sama ta tashi ba. Ta tsaya a kududdufi mafi kusa, ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ko ƙarƙashin kwalbati, domin wanda ke tura durom cike da ƙarfin ƙirjinsa da tsakar dare ba zai nufi dawa da shi ba. Wasu magidantan ma ba sa kiran kowa. Jira suke a yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, su huda wa sokawe hanya zuwa kwata, ruwan sama ya raba wa 'yan gangare.

A kududdufin nan yara ke iyo, a nan masu bulo ke ɗiba, a nan dabbobi ke sha, daga nan kuma abin ke tsatsafawa cikin rijiyoyi. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake kyautata zaton kwalara ta kama a Najeriya, sama da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Funtuwa na cikin inda ta fi yin ɓarna a Jihar Katsina. Babbar hanyar kwalara ruwan sha ne da ya gauraya da bahaya. Manomin da ya tare tanka ba shi ya ƙirƙiro najasar ba, wurin saukarta kawai ya canja. In an kafa dokar Malam gobe, masai ba zai daina cika ba don tsoron kotu. Direban da ya saba juyewa a gona da rana tsaka, cikin rani, nesa da gari, sai ya koma juyewa a rafi da daddare. Wa aka taimaka?

Maganar cuta kuwa ba Malam ne ya fara hango ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna a kanta, ta fitar da ƙa'idoji a 2006 kan amfani da bahaya da fitsari a aikin gona. Ba ta ce a haramta ba, sharuɗɗa ta gindaya. Ƙwayoyin cuta rai gare su, suna mutuwa, kuma abin da ke kashe su shi ne lokaci da zafi da bushewa da toka. Ƙwayar kwalara ba ta jure bushewa. Mai taurin kan shi ne ƙwan tsutsar ciki, wanda kan yi wata da watanni a ƙasa mai laima bai mutu ba, shi ya sa da shi ake auna ko takin ya nuna. Ƙa'idar ita ce a yanayi mai zafi irin namu a ajiye shi fiye da shekara guda ba tare da an ƙara sabo a kai ba. In an cuɗe shi da toka ko farar ƙasa sosai, fiye da wata shida. In an haɗa shi da shara da ciyawa aka tara har tsibin ya ɗau zafin da ya haura digiri 50 na fiye da mako, shi ma yana kashe su. Daga nan a binne shi a ƙasa, a bar aƙalla wata ɗaya tsakanin zubawa da girbi, a kuma fifita abin da ake dafawa ko wanda ba a ci. To mu me muke nomawa da damina? Masara, dawa, waken suya, auduga. Masarar da aka binne wa busasshen taki a watan Mayu, ta yi goyo can sama da ƙasa a naɗe cikin ɓawonta, aka karya ta a Oktoba, aka shanya, aka niƙa, aka tuƙa tuwo a tafasasshen ruwa, ta ina ƙwan tsutsa zai biyo ta? Auduga kuwa injin gurza za ta. Allah ya hore mana rabin shekara na rani, hunturu ya busar, bazara ta gasa, ga toka a kowane murhu. Abin da wasu ƙasashe ke kashe kuɗin wuta su samu, mu kyauta yake zuwar mana.

Fitsari kuwa maƙalar ba ta ko taɓo shi ba, alhali a nan mafi yawan amfanin yake. Kusan kashi 80 cikin 100 na sinadarin naitirojin da jiki ke fitarwa ta fitsari yake fita. Yuriyar da muke saye a buhu sinadari ɗaya ne da wanda ke cikinsa, bambancin dai ta buhu da iskar gas aka haɗa ta a masana'antar Dangote ta Legas ko ta Indorama a Jihar Ribas. Fitsari bai kai bahaya ɗaukar cuta ba ko kusa, kuma in aka toshe shi a jarka na wasu watanni, ammoniyar da ke tasowa a cikinsa ita ke gamawa da ragowar. Wani zai ce tsargiya fa? Tambaya ce mai kyau, musamman a nan, domin a ƙasar Malumfashi masu bincike daga Libaful tare da na Jami'ar Ahmadu Bello suka shafe shekaru suna nazarin wannan cuta a shekarun 1970. Tsargiya na yaɗuwa ne in fitsarin mai ita ya shiga tafki ko dam inda katantanwar da ke renon ta take. Wanda ke rufe a jarka ba ya isa tafki, ƙwan kuma a ciki yake mutuwa.

Sai addini, inda Malam ya fi ɗaga murya, kuma inda ya fi kamata ya sassauta. Babu mai musun cewa bahaya da fitsarin ɗan Adam najasa ne. Ba a salla da su a jiki, ko a tufa, ko a wuri. Amma hukuncin amfanin gonar da ya tsiro a kansu wata mas'ala ce daban, kuma malamai sun tattauna ta tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan Funtuwa da Zariya, ya lissafa shukar da aka shayar da najasa a cikin abubuwa masu tsarki. Shehu Dardiri a sharhinsa ya ambaci halaccin gauraya bahaya da ruwa don shayar da shuka. Hanafiyya da Shafi'iyya su ma ba su haramta cin amfanin irin wannan gona ba. Hambaliyya ne a mashhurin ra'ayinsu suka tsananta, suka ce ba a ci sai an shayar da shukar da ruwa mai tsarki har najasar ta gushe, ka ga ko su ɗin sun bar ƙofa, damina kuwa ba ta da wani aiki sai wannan. An ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yakan kai irin wannan taki gonarsa. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan sharɗanta wa masu hayar gonarsa kada su zuba. Allah ya ƙara musu yarda su duka. In Malam ya zaɓi bin ɗan Umar don tsantseni, babu mai ce masa don me. Abin da ba shi da hurumi shi ne ya mayar da zaɓinsa dokar da ɗan sanda zai kama wanda ya bi Halilu da ita.

Tushen maganar shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira istihala, wato abu ya juye daga asalinsa ya zama wani abu daban, misalin da suka saba kawowa shi ne giyar da ta juye da kanta ta koma ruwan kal. Wanda ya taɓa tona tsohon masai da aka rufe shekara biyu ya san abin da ake nufi ba sai an yi masa sharhi ba. Baƙar ƙasa zai tarar, mai laushi, tana marmashewa a shebur, warinta bai wuce na ƙasar da aka yi wa ruwan fari ba. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta ba da fatawa cewa ruwan ƙazanta in an tace shi har launi da ɗanɗano da warin najasa suka gushe, ya koma mai tsarki. Ba na tsammanin Malam zai ce su ma ƙungiyoyin Turawa ne suka ruɗe su.

Inda saɓani yake da ƙarfi shi ne ciniki, kuma ba zan ɓoye ba. Mashhurin Malikiyya bai halatta sayar da bahaya ba, Hanafiyya sun halatta in ƙasa ta rinjaye shi. Wannan mas'ala ce ta gaske da ta cancanci malamanmu su zauna su fayyace: abin da manomi ke biya, kuɗin najasa ne, ko ladan ɗaukowa da shanyawa da tankaɗewa? Da a nan Malam ya tsaya, da na ce ya kawo magana. Amma akwai abin da babu mazhabar da ta yi saɓani a kansa. Hadisi ya yi kakkausan gargaɗi kan yin bahaya a hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashayar ruwa. Durom ɗin da ake juyewa a kududdufi kowane dare a ƙarƙashin wane hukunci yake? Najasar da malamai suka yi sassauci a kanta ta hana Malam barci, wadda suka haɗu a kan haramcinta kuwa ko layi ɗaya ba ta samu a maƙalarsa ba.

Batun cewa Turawa ne suka kawo, kuma ba sa yi a gidajensu, duka biyun ba haka ba ne. Birnin Milwaukee na Amurka tun 1926 yake busar da lakar da ya tace daga ruwan banɗakunan birnin yana sayarwa a buhu da sunan Milorganite, ana zubawa a lambuna da filayen wasa. A Ingila mafi yawan irin wannan laka gonaki take komawa. A Japan ta zamanin Edo manoma ne ke biya don a bar su su kwashe na birni, masu gidajen haya har lissafa shi suke a cikin kuɗin shigarsu. Damuwar da Turawa ke da ita yau ta sinadaran masana'antu ce da ke gauraya da ruwan a bututu ɗaya, ita ce ta sa jihar Maine ta Amurka ta hana zuba lakar a gona a 2022. Wannan gargaɗi ne da ya fi dacewa da masu noman rani da ruwan da ya biyo ta kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. Masan Tsiga ba kamfanin da ke zuba masa komai.

Kuma ba sai mun ƙetare teku ba. Kafin zuwan takin zamani, a ina ake shuka masara a ƙasar nan? Malam ya tambayi duk tsohon da ya ga dama. Bayan gida da gefen gari ake yi mata 'yar gona, a gasa a ci kafin hatsi ya nuna, domin nan ne kawai ƙasar ke da ƙarfin ɗaukarta. Me ya ba ta ƙarfin? Toka, shara, kashin awaki, da abin da kunya ke hana a ambata. A Kano jakuna kan shigo birni da itace su fita da mangalar taki, kuma Michael Mortimore ya rubuta tun shekarun 1960 yadda wannan ya sa ƙauyukan kewayen birnin ke noma gona ɗaya shekara bayan shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Jujin birni kuwa, kowa ya sani, ba na dabbobi kaɗai ba ne.

Ga kuma 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. A gundumar Agye ta jihar Maraɗi, wajajen 2009, an yi wani aiki da kuɗin asusun IFAD, tare da cibiyar CREPA da cibiyar nazarin muhalli ta Stockholm, inda ƙauyuka suka riƙa tara fitsari a jarka suna ajiyewa, suna kiransa takin ruwa, na masai kuma takin busasshe. Lissafin da aka yi a can ya nuna abin da gida mai mutum 9 ke fitarwa a shekara ya kai kimanin buhun yuriya ɗaya da buhun kamfa ɗaya. Daga baya matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya, tare da masu bincike na cibiyar INRAN, suka yi gwaji 681 a gonakinsu tsakanin 2014 da 2016, geron da aka zuba wa ajiyayyen fitsari ya fi wanda ba a zuba wa ba da kusan kashi 30 cikin 100. Hausawa ne, Musulmi ne, Malikawa ne, da buta suke kewayawa kamar mu. Ko su ma ba su san tsarki ba?

Saura shawarar Malam, cewa gwamnati ta ba da taki mai rahusa. Wa ya ƙi? Sai dai mu 'yan wannan yanki mun fi kowa sanin inda wannan alkawari ke ƙarewa, don a kanmu aka fara. A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da bashin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gwambe. Shi ya baza takin zamani a farashin da gwamnati ta ɗauke mafi yawansa, shi ya fitar da masara daga bayan gida ta mamaye gonakin dawa da auduga. Muka saba, ƙasa ma ta saba. Tun daga lokacin kowace gwamnati da irin tallafinta, kowane tallafi da ranar mutuwarsa. A 2017 shirin takin shugaban ƙasa, wanda aka ƙulla da Maroko, ya sa buhu a kan naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukren ya zo a 2022, janye tallafin mai da faɗuwar naira suka biyo a 2023, buhun ya ninka fiye da sau biyar. Masana'antar Dangote da aka ƙaddamar a 2022 tana iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, amma ɗan kasuwa da farashin duniya yake lissafi. A da in an gama girbi manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa da garke, ya sallame shi da dawa. Satar shanu da rashin tsaro daga Faskari da Sabuwa da Ɗandume har cikin Bakori sun gurgunta wannan. Yau kashin kaji ake lodowa a manyan motoci ana sayarwa buhu-buhu. Shi ma ɗanyensa na ɗauke da cuta, amma ban ji wanda ya ce a haramta ba, cewa ake a bar shi ya ruɓe tukuna. Manomin da masararsa ta yi ɗorawa a watan Yuli, me Malam yake so ya zuba mata kafin rahusar ta iso?

Banɗaki mai ruwa kuma, a gidan da jarka-jarka ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, da me za a kora? In ma an kora, sokawe zai tafi, sokawe ya cika, tanka ta zo, mu koma kan tambayarmu ta farko. Abuja kanta wani ɓangare ne kawai ke haɗe da matatar ruwan ƙazanta ta Wupa.

Ba ina cewa takin masai zai kori takin zamani ba ne. Hekta ɗaya ta masara na son kimanin kilo 120 na naitirojin, wajen buhu goma ke nan in an haɗa kamfa da yuriya, gida guda kuwa buhu biyu yake samarwa. Babban manomi ba zai ko waiwaye shi ba. Amma mai eka ɗaya, da bazawarar da ke noma bayan gida, buhu biyu a wajensu ba wasa ba ne. Busasshen takin kuma yana mayar wa ƙasa da jikinta, ta riƙe laima, abin da kamfa ba ya yi, kuma duk wanda wuta-wuta ta cinye wa gona ya san gajiyayyar ƙasa take bi.

An kuma sha faɗuwa a wannan harka, kuma da Malam ya yi bincike da ya samu makamin da ya fi waɗanda ya ɗauko. A Erdos ta ƙasar Sin an gina rukunin benaye da busasshen banɗaki mai raba fitsari da bahaya, wari da matsaloli suka ishi mazauna, a 2009 aka cire aka sa mai ruwa. A Durban ta Afirka ta Kudu an gina dubun-dubatar irinsa, mutane da yawa suka ƙi jinin kwashewa da hannunsu. Mu da muke tsarki da ruwa, duk wanda ya kawo mana banɗakin da ba a zuba masa ruwa ba tare da ya yi wa ruwan tsarki hanyarsa daban ba, ya tara mana ɗakin ajiyar kara ne. Abin da ya dace da ƙauye irin Tsiga shi ne rami biyu, kamar yadda aka daɗe ana yi a Indiya inda su ma da ruwa suke tsarki: ana amfani da ɗaya, ɗayan na rufe yana nuna, in na farkon ya cika a tona na biyun a kai gona, a juya. Babu wanda zai shiga cikin ɗanye. A gari kuwa, inda ba filin rami biyu, mashanya ake buƙata a bayan gari, nesa da rijiya da rafi, a kewaye ta, a tilasta wa kowace tanka da kowace kura juyewa a can, a tsince leda da batir, kada tsibi ya fita sai ya cika wa'adinsa. Duba-gari ya riƙe littafi, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana kusa in ana son a auna. Masu kwasar a yi musu rajista, a ba su takalmi da safa da riga-kafi, don su ne suka fi kowa shan haɗarin, kuma su ne maƙalar Malam ta manta da su gaba ɗaya. Wanda ya kai ɗanye lambun tumatir ko latas, a Ɗanja ne ko a bakin dam ɗin Mairuwa, wannan kam a hukunta shi, in an zo nan ni da Malam bakinmu ɗaya.

Don haka ban goyi bayan dokar da Malam ke nema ba, kuma ina roƙon 'yan majalisar jiha kada su karɓe ta a yadda ya kawo ta. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Funtuwa, Bakori da Malumfashi, da iyayenmu Sarkin Maska da Makama da Galadima, shi ne su ware filin mashanya a kowane babban gari, su kira malaman addini da malaman gona da masu tanka da masu kura su zauna a tabarma ɗaya a tsara yadda za a yi. A fara da ɗaukewar ruwa, domin abin da aka shanya a ranin bana ba zai shiga gona ba sai shekara ta zagayo.